Ranar da na hau Kirkstone

Wallahi har yanzu idan na tuna hanyar nan ta Kirkstone sai in ji gabana ya ɗan faɗi. A arewacin Ingila take, yankin tafkuna da ake kira Lake District, kuma duk yankin babu hanyar mota da ta kai ta tsayi, mita 454 sama da teku.

Mu ta garin Ambleside muka hau, ta wata siririyar hanya da ake ce wa The Struggle, kuma gaskiya sunan ya dace da ita don fama ne kawai, mota na ta kuka a giya ta ɗaya, katangar duwatsu hagu da dama waɗanda aka jera ba siminti, ga tumaki kwance a bakin titi ko kallonmu ba sa yi, kai ne za ka jira su tashi.

Da muka kai sama sai hazo ya rufe ko'ina, iska mai sanyi kamar ta yanke kunne. Akwai wani ƙaton dutse gefen hanya mai kama da ginin coci, daga gare shi sunan wurin ya samo asali, don Kirkstone na nufin dutsen coci.

Amma gangarowa ce ta fi shiga raina. Abokina ya ce kar in danne birki kawai zai yi zafi, in bar ta a ƙaramar giya. Muna cikin tafiya a hankali hazon ya yaye, sai ga tafkin Brothers Water can ƙasa, shiru, tsaunuka sun kewaye shi. Na samu gefe na tsaya, na daɗe ina kallo ina ta subhanallah.