Ƙafa muka ƙirga, ba aljihu ba

Ranar Alhamis na ajiye aiki, na miƙa makullin ofishinmu na binciken kasuwa. Masu tambayar dalili sun yi yawa, gara in faɗa sau ɗaya in huta.

Waɗanda muka yi aiki tare ba su manta da benen nan na kusa da Kantin Kwari ba, wanda Alhaji mai ginin ya kawo mana binciken kasuwarsa a 2019. Tsofaffin shaguna za a rushe, a tayar da filaza mai hawa uku, wai don layin ya farfaɗo. Ni aka ɗora wa ƙirga. Na tsayar da yara a mashigai da takarda da biro, duk wanda ya gifta a ja masa layi. A goman ƙarshe na azumi muka yi wannan aiki, lokacin da Kwari ba masaka tsinke saboda kayan Sallah.

Da alƙaluman suka fito, jikina bai ba ni ba. Na ce wa oga, "Yallaɓai, a bari mu maimaita bayan Sallah da wata guda." Ya ce, "Malam, Alhaji na jiran rahoto, kai kana jiran wata?" Aka yi dariya. Na sa hannu. Har yau wannan sa hannun ke ci mini rai.

Ashe da yawa daga cikin layukan 'yan dako ne, mutum ɗaya ya wuce sau goma da dila a ka, sai dillalai masu zagayen neman la'ada. 'Yan sarin da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Njamena kuwa kowa da ubangidansa, wanda ke ba shi atamfa da shadda bashi, ya sayar ya dawo da kuɗi. Tayil da gilashi ba sa raba mutum da mai ba shi amana. A watan Agusta gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, baƙin ma suka ragu. Sannan ga maganar sama. Mun lissafa kowane hawa da kuɗin hayar shago, alhali a wannan yanki sama sito ne. Wani dattijo ɗan dako ya gama mini bayanin a teburin mai shayi: "Ɗana, wa ka taɓa gani ya hau bene sayen turmi ɗaya?"

Filazar ba ta yi kasuwa ba. Ranar da Alhaji ya zo da fushinsa, oga ya buɗe shafin da sunana yake, ya ce yaron ne bai goge ba. Ina zaune a wurin.

Darussan da na koya ba su da tsawo. A ƙirga a lokuta daban-daban, har da damina; wanda ya ga ambaliyar Kwari ta 2022 ya san dalili. A fara da mai shayi da shugaban 'yan dako kafin a kunna kwamfuta. A lura da inda adaidaita sahu ke sauke mutane. In ka yi gardama da na sama, ka tura ta WhatsApp ta zauna a rubuce. Da Shoprite ta rufe a Ado Bayero Mall a farkon 2024, na ɗan ji sanyi, ashe manya ma lissafi na kuɓuce musu.

Binciken wani gini da na yi daga baya ni kaɗai, shagunan sun cika tun ba a gama fenti ba, sunan oga ne a bangon rahoton. A walimar sallama ya kira ni ginshiƙin ofis. Na ce na gode, yallaɓai, na ɗauki lemona.