Godiya bayan makarantar hutu ta yara, da yadda aka yi aikin

Gaisuwa gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Makarantar hutu ta Littafi Mai Tsarki ta bana ta ƙare lafiya. Daga Litinin zuwa Jumma'a, har sujadar rufewa ran Lahadi, duk yaron da aka danƙa mana da safe an mayar da shi hannun iyayensa da rana, ba wanda ya ɓace, ba wanda ya kwana asibiti. Yabo ya tabbata ga Allah. Mun zaɓi mu yi godiyar dalla-dalla, mu faɗi abin da kowa ya yi da yadda ya yi shi, domin "mun gode wa kowa da kowa" ba za ta koya wa kwamitin baɗi komai ba. Ƙananan ikilisiyoyin da ke kewaye da mu ma suna ta tambayar tsarin.

Baba Fasto da dattawan ikilisiya, mun gode da kuka tsayar da makon tun da wuri, kuka yi ta sanarwa Lahadi bayan Lahadi, kuka kuma duba kada ya ci karo da taron Zumuntar Mata. In ya ci karo, babu masu girki. Shawararku ce a fara ƙarfe 8 a tashi 12:30, ta kuwa yi daidai. Agusta ne, ana dogon hutu, amma gona ba ta hutu, kuma iyaye sun fi sakin yaro in sun san zai dawo ya kai abinci gona ko ya yi raino.

Masu rajista su ne suka fara shan wahala. Kowane yaro an rubuta sunansa, shekarunsa, unguwa, lambar wayar babba ɗaya a gida, ciwon da yake fama da shi in akwai, da sunan wanda zai zo ɗaukarsa. An yanka kati biyu masu lamba ɗaya, guda a wuyan yaro, guda a hannun mai ɗauka. In lamba ba ta haɗu ba, sai an buga waya gida, ko da mai ɗaukar ya rantse kawun yaron ne. Wasu sun ji haushi ran farko, mun gode da kuka yi haƙuri. Inda tsarin ke lalacewa shi ne ran Talata da Laraba, lokacin da labarin abinci ya zaga unguwa, sababbin yara suka yi ta kwararowa. Teburin rajista ba a naɗe shi bayan ranar farko, kuma a yanka katin da ya fi na waɗanda ake tsammani da kashi ɗaya cikin uku. Yaron da ba na ikilisiya ba, sai babba daga gidansu ya zo ya ce ya yarda. Wannan ƙa'ida ce ta riƙe amana tsakaninmu da maƙwabta, ba ma sassauta ta.

Malaman Makarantar Lahadi, sannunku da aiki. Aji huɗu aka yi: shekara 3 zuwa 5, 6 zuwa 8, 9 zuwa 12, sai 13 zuwa sama, kowane aji da launin zaren da ake ɗaura musu a wuyan hannu, yadda ko daga nesa za a gane wanda ya sulale daga ajinsa. A ajin ƙanana babba ɗaya ga yara shida, a na manya ɗaya ga goma sha biyu, kuma ba ajin da aka bari da babba ɗaya tak. Matasan da suka taimaka mun gode musu ƙwarai, amma a tuna, dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 tana ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Ɗan shekara 16 yana iya raba takarda, ya ja waƙa, amma ba a bar masa aji ya riƙe shi kaɗai.

Darussan duk a kan yaran cikin Littafi Mai Tsarki ne, a ƙarƙashin Markus 10:14: yayar Musa a bakin kogi (Fitowa 2), kiran Sama'ila (1 Sama'ila 3), yarinyar gidan Na'aman (2 Sarakuna 5), yaro mai gurasa biyar da kifi biyu (Yahaya 6), sai Timoti da uwarsa da kakarsa (2 Timoti 1:5). Ɗan shekara huɗu ba ya zama fiye da minti goma, don haka labarinsu gajere ne, sai waƙa mai motsa jiki, sai zane, sai a sake ba da labarin da bakinsu. Malamin da ya kawo wa'azin manya ajin ƙanana zai ƙare yana raba faɗa. Ayar haddacewa kuwa, a rubuta ta a allo, a karanta tare, a share kalma ɗaya, a sake karantawa, a yi ta sharewa har allo ya zama fari suna faɗa da ka.

Akwai abin da ya kamata iyaye su gane a nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke gidajenmu ba fassara ɗaya ba ce. Cikakkiyar fassara ta farko ta fito a 1932, ita ce yawancin kakanni suka haddace. Wata ta fito a 1979, akwai kuma na baya-bayan nan. Wata ta ce Yohanna, wata Yahaya. Wata Misalai, wata Karin Magana. Wata Kristi, wata Almasihu. Yaro zai haddace aya daidai a aji, ya je gida kaka ta gyara masa da tata, gobe ya zo ya haɗa biyun ya rikice, har ya daina ɗaga hannu. Malamai sun tsayar da fassara ɗaya tun wajen shiri, suka buga ayoyin mako a 'yar takarda, Hausa a gaba, Turanci a baya saboda yaran da makarantarsu ba ta koya musu karatun Hausa ba. Wanda ya biya kuɗin buga takardun ya ce kada a ambace shi. Ubangiji ya san shi.

Iyayenmu mata na Zumunta, da me za mu biya ku? Kuna wurin tun kafin gari ya waye, da itacen da kuka shigar ɗaki tun makon da ya wuce, domin itacen Agusta in ya kwana waje hayaƙi kawai zai yi, abinci ya makara, yara su fara kuka. Ga lissafin da kuka yi aiki da shi, don masu zuwa baya. Kunu da ƙosai ƙarfe 9:30, domin da yawa ba su karya a gida ba. Kula mai lita 20 tana ba yara kusan 60 in kofi ɗaya kashi ɗaya cikin uku na lita ne. Shinkafa ɗanya giram 100 ga babban yaro, 60 zuwa 70 ga ƙarami. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka a ɗora naku a sikeli sau ɗaya a san nauyinsa, sannan a yi lissafi. Ran wake da shinkafa wake ne ke fara hawa wuta, sai ya kusa nuna a zuba shinkafa. Ran gwate an rage barkono, an ajiye yaji a gefe don malamai. Kifi an cire ƙaya tun a madafa. Ba a aza tukunyar rana sai an kawo adadin rajistar ranar da ƙarfe 9, a ƙara kaɗan a kai. Kuma ƙanana ake fara ba, a zaune, a kwanonsu. In aka ce a yi layi ɗaya, manya za su ture su, na ƙarshe ya sami ƙanzo.

Abinci dafaffe ba a barinsa ya wuce awa biyu yana jira, ragowar yau kuma ba ta komawa tukunyar gobe. Shinkafar da ta jima a rufe da ɗumi-ɗumi ita ce ke kawo gudawa bayan taro, sai a ɗora wa ruwa laifi. Kunu ma in ya daɗe a kula yakan yi tsami. Ruwan sha an tafasa wani, wani an sa masa maganin tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalba, aka jira minti 30. Wankin hannu da buta da sabulu, ana zuba wa kowa. Roba ɗaya da yara hamsin za su tsoma hannu ciki datti take rabawa.

Kakanni mata da suka zauna ɗakin goyo, ku kuka ceci ajin 'yan 9 zuwa 12. Duk wanda ya taɓa aikin yara ya san yarinya 'yar shekara tara za ta zo da ƙanenta a baya, domin uwa ta tafi kasuwa ko gona. In aka ce ta koma da shi, ba za ta dawo ba. In ta shiga aji da shi, ba za ta ji komai ba. Tabarma biyu, fo, zannuwan canji da tsofaffi masu haƙuri suka warware wannan. Su ne kuma ke raka ƙanana bayan gida, domin ramin masai na manya ya yi wa ɗan shekara uku faɗi.

Ma'aikatan jinya na cikinmu da suka yi karɓa-karɓa a kan lokacin hutunsu, Allah ya sāka. Akwatinsu na ɗauke da ma'aunin zafin jiki, auduga, filasta, bandeji, safar hannu, farasitamol na yara da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, wanda ake narkar da shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, ba a ƙiyasi. Yaro in jikinsa ya yi zafi, a kira gida, a tura shi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Coci ba wurin raba maganin zazzaɓi da ka ba ne. Masu sikila an san su tun daga rajista: ba sa shiga ruwan sama, ba sa zama da jiƙaƙƙen kaya, ana yawan ba su ruwa, wasan gudu kuma daidai ƙarfinsu, ba tare da an nuna su a gaban 'yan'uwansu ba. Nas ɗin sun kuma tuna wa iyaye mata maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida da shi kowane wata da damina don 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5: na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na rana ta biyu da ta uku a gida, kuma nan ne ake yawan mantawa.

'Yan Birged, wato ƙungiyar matasan coci masu fareti, maza da mata, da mazan da suka tsaya ƙofa: ƙofa ɗaya ta shiga da fita, babura can nesa da filin wasa, rijiya a rufe da kwaɗo. Mun gode. Matasan da ke kula da janareta sun ajiye shi waje, nesa da taga, man kuma a kulle. Ran da ruwa ya sauko a kan kwano har ba a jin malami, masu kiɗa suka mayar da lokacin na waƙa, aka dawo darasi da ya tsagaita. Gara a shirya waƙoƙin ruwa tun farko da a yi ta ƙure lasifika.

Maƙwabtanmu Musulmi da suka ara mana tamfol da manyan tukwane, suka kuma jure hayaniyar yara mako guda, mun gode, Allah ya bar zumunci. Haka mai unguwa da ya san da taron tun kafin a fara.

Zaman iyaye na ran Jumma'a shi ne wanda muka fi so a riƙe. Yaro yana wurinmu awa biyu ran Lahadi, sauran mako yana gida, kuma Maimaitawar Shari'a 6:7 iyaye ta ɗora wa koyarwar, a zaune a gida da tafe a hanya, da kwanciya da tashi. An nuna sujadar iyali ta minti goma: waƙa ɗaya, ayoyi kaɗan da yaro zai karanta, tambaya ɗaya da kowa zai amsa, addu'a. Abin da ke kashe ta shi ne tsawo, da mayar da ita wurin karanto laifin yara, da jiran sai dare ya yi kowa na gyangyaɗi. Mata sun cika benci. Iyaye maza da suka zo mun gode musu sau biyu, domin ba su da yawa, kuma wannan magana ce da za mu kai wa shugabannin maza.

Ran rufewa kowane yaro ya tafi da littafin rubutu da fensir, tunda Satumba ta ƙarato, sannan aka ƙara wa waɗanda suka yi fice a hadda. In na ɗaya zuwa na uku kaɗai aka ba, sauran sukan tafi da kuka, baɗi kuma ba su zuwa. Masu baiko na musamman, da waɗanda suka kawo masara, manja, gawayi da sabulu, Ubangiji ya mayar muku ninki.

Bayanin kuɗin da ya shigo da wanda aka kashe, da rasit, yana manne a allon sanarwa, ma'aji da sakatare sun sa hannu. Akwai takalma, rigunan sanyi da kofuna da aka manta, suna ofishin coci. Wanda tukunyarsa ko tabarmarsa ba ta dawo ba ya gaya mana. Makarantar Lahadi tana ci gaba a lokacinta, kuma ajin 'yan 3 zuwa 5 yana bukatar ƙarin malamai biyu. Mai niyya ya ga shugaban sashen bayan sujada.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Kwamitin Sashen Yara da Iyali