Ajiye bayanai a filash idan wuta ba ta da tabbas

Aikin da aka ba mu a Samaru ƙarami ne a ido: na'urar da za a kafa a gonakin rani na bakin kogin Galma, ta riƙa auna danshin ƙasa da zafi duk minti biyar, tana ajiyewa. Ma'adanar da ke cikinta filash ce, wato ɗan guntun lantarki mai riƙe bayanai ko babu wuta, ta kamfanin Winbond, samfurin W25Q32, mai megabayit 4. Ni aka ɗora wa tsara yadda bayanan za su zauna a cikinta.

Filash tana da halinta. Idan aka goge wuri, duk ƙwayoyinsa, waɗanda kowace 0 ko 1 take riƙewa, sai su koma 1. Rubutu kuwa mayar da 1 zuwa 0 kawai yake yi, ba ya iya komawa baya. Ana rubutu a shafi mai bayit 256, amma gogewa sai sashe guda mai kilobayit 4. Kamar allon almajiri ne: harafi ɗaya ya ɓaci, sai an wanke fuskar allon duka. Sannan kowane sashe yana jure gogewa kusan sau 100,000 ne kafin ya fara gajiya.

Abokan aikina sun so a sa FAT, tsarin jera fayiloli da memori da filash na kasuwa suke zuwa da shi, don kowace kwamfuta tana karanta shi. Hujja ce mai kyau, sai dai lissafi ya ƙi ta. FAT tana da teburi a wuri guda, kuma bayanin girman fayil yana sauyawa duk lokacin da aka ƙara rubutu. Rubutu duk minti biyar sau 288 ke nan a rana. Raba 100,000 da 288, sashen da ke riƙe da bayanin nan bai kai shekara ba. Memorin waya yana tsira ne don a cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwar da ke yawo da rubutu a ɓoye. Tamu ba ta da shi, tsirara take.

Sai na bi hanyar da masana kwamfuta Rosenblum da Ousterhout suka bayyana a jami'ar Berkeley ta Amurka a farkon shekarun 1990, wadda JFFS2, tsarin jera fayiloli na filash, ta ɗauka a manhajar Linux a 2001: kada a taɓa rubutu a kan tsoho, a dinga ƙarawa gaba. Na jera sassan 1,024 a da'ira. Kowane awo bayit 32 ne, kowane sashe kuma yana ɗauke da lambar jeri a kansa. Idan an zagayo, a goge mafi tsufa. Da haka ma'adanar ke ɗaukar kusan wata 15 kafin ta cika, kuma kowane sashe gogewa ɗaya yake sha a zagaye. Matsalar gajiya ta kau ba tare da na rubuta mata ko layi ɗaya ba.

Inda gumi ya zuba shi ne yankewar wuta. Da sola na'urar ke aiki, kuma a hunturu ƙura kan rufe faranti, batir ya yi sanyi da asuba. Goge sashe ɗaya na iya kaiwa kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Idan wuta ta yanke a tsakiyar nan, sashen bai gogu ba, bai kuma zauna yadda yake ba; wata ƙwayar ma yau ta karanta 1, gobe 0. Don haka kowane awo na liƙa masa lambar tantancewa, CRC, a ƙarshensa. Lambar jerin sashe kuma ba a rubuta ta sai an gama gogewa an karanta an ga komai 1 ne. Da na'urar ta farka, duk sashen da lambar jerinsa ba ta inganta ba sai ta sake goge shi, ko da ya yi kama da mai tsabta.

Gwajin ma abin kallo ne. Mun haɗa rile, wato makunnin da lantarki ke sarrafawa, da ke yanke wuta ba tare da tsari ba, yana ƙwas-ƙwas a kan teburi dare da rana. Wani ɗalibi da ke taya ni ya gaji da ƙarar, ya ce, "Malam, ai mun kwana biyu ba a samu kuskure ba, a bar shi mana."

Na ce, "Ka duba sau nawa yankewar ta faɗa daidai kan gogewa, ba sau nawa rilen ya buga ba."

Da ya duba, kaɗan ne ƙwarai, don gogewa sau biyu ko uku kawai ake yi a rana. Sai muka sa na'urar da kanta ta ba rilen alama duk lokacin da ta fara gogewa, muka kuma hanzarta rubutun.

Wanda ke buƙatar fayiloli da yawa masu suna, ana gyara su ana sharewa, kada ya wahalar da kansa: littlefs, tsarin jera fayiloli na kamfanin ARM, tana nan, an gina ta don ƙananan na'urori da yankewar wuta, kuma ta sha gwaji fiye da duk abin da mutum ɗaya zai rubuta. Mu awo ne kawai ke bin awo, shi ya sa da'irar ta ishe mu. Abin da muka rasa shi ne sauƙin FAT: ba a zare ma'adanar a soka a kwamfuta, sai mai zuwa gona ya tafi da waya da 'yar manhajar da ke kwashe bayanan ta jera su a teburi.