Kwal na jirgi, icce na tukunya

Ranar Lahadi na tsaya wurin dattijon da nake sayen itacen girki a unguwarmu a nan Tawa, na ce, "Baba, ƙullin nan ya rame." Ya ce masu raƙuma da amalanke yanzu sai sun yi nisa cikin daji kafin su tara abin da dā suke samu a bayan gari. Maganarsa ta kai tunanina birnin Adan na ƙasar Yaman.

Turawan Ingila sun kama Adan a 1839 domin jiragen ruwansu masu ƙona kwal su yi aiki da tururi suna buƙatar zango a hanyar Indiya, kuma bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 garin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren shan kwal a duniya. Kwal ɗin ba na ƙasar ba ne. Daga yankin Wales na Birtaniya ake kawo shi, a jibge a Tawahi, unguwar tashar jiragen ruwa ta Adan, sannan leburori Larabawa da Somaliyawa su loda shi a kwalekwale, su ɗora wa jirgi da ƙarfin kafaɗa. Ƴan kasuwar bakin tasha suna sayar wa jirage ruwan sha, da nama, da igiya, da mai, ruwan ma wani lokaci na teku ne da aka tace, saboda Adan dutse ne ƙurmus, ba kogi, ba kurmi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne murhun leburan. Mutumin da ya yini baƙi ƙirin da ƙurar kwal, in ya koma gida, da icce da gawayi ake dafa masa abinci, waɗanda ayarin raƙuma ke shigowa da su daga karkara. Kwal na mai jirgi ne, domin shi ke biya da yawa.

Mu ma haka muke. An kafa SONICHAR, kamfanin haƙar kwal na Nijar, a 1975, kwal na Anu Araren a jihar Agadas ya tafi ga samar da lantarki don ma'adinan uraniyom na Arlit da garuruwan Agadas, ga kuma na Salkadamna kwance a jiharmu. An gwada sayar da gasasshen kwal don girki, na ga irin murhunsa a gidan ƙanwata, amma ta ce kunna shi akwai wuya kuma ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Ranar dai ƙulli biyu na saya wurin Baba maimakon ɗaya.