Ranar da na ɗinka wa kwamfutata sabon kanel

Asabar, Tudun Wada, Zariya.

Jiya ban kwanta da wuri ba. Sai da na jira sha biyun dare ta gota, datar dare ta buɗe, sannan na shiga kernel.org na fara sauke tushen rubutun kanel ɗin Linux 6.6.30, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutata. Ƙunshi guda ne mai nauyin wajen megabayit 140. Sau biyu yana tsinkewa, amma da wget -c na ɗora daga inda ya tsaya. Bayan na dawo daga sallar asuba na kwance ƙunshin, sai ga shi ya kumbura ya haura gigabayit ɗaya. Layin rubutu fiye da miliyan 30 ke ciki, yawancinsa da harshen C. Na ɗan jima ina kallon jerin manyan jakunkunan, drivers da fs da net da arch, kamar wanda aka buɗe wa rumbu aka ce ya ɗiba.

Dalilin wannan wahala ƙaramin abu ne, bai kai ɗan yatsa ba. Katin wayfai na cikin tsohuwar laftof ɗina ya mutu tun bara, ita kuma ƙirar 2012 ce, ta yi ƙoƙari. Tun lokacin da igiya nake ɗaure wayata a jikinta ina jan intanet, idan aka kira ni sai dai in sunkuya in yi magana kamar mai raɗa da kwamfuta. Makon jiya na je PZ na sayo ɗan dongul na wayfai. Na soka, shiru. Da na duba da lsusb sai na gano guntun da ke cikinsa Realtek 8821CU ne. Debian 12, nau'in Linux ɗin da nake amfani da shi, yana zuwa da kanel 6.1, shi kuwa direban rtw88, wato manhajar da ke tuƙa irin wannan guntun, bai fara karɓar irin waɗannan na USB ba sai a 6.2. Mataki ɗaya ne tsakanina da biyan buƙata.

Abokina da muka yi karatu tare a Samaru ya ce mini a waya: "Kai dai kana son wahala. Ka ɗauko daga backports mana, minti goma ka gama." Gaskiya ya faɗa, domin backports rumbun Debian ne na sababbin manhajoji da aka riga aka haɗa, kuma duk wanda aiki ke jiransa abin da zan ce ya yi ke nan. Amma ni shekara huɗu ina hawa wannan tsarin ban taɓa leƙa cikinsa ba. Ina so in gani da idona yadda rubutun da mutane suka yi da hannu yake zama abin da ke tayar da inji. Na zaɓi 6.6 ne don yana cikin waɗanda ake daɗewa ana kula da su, ba irin wanda za a bari bayan an fitar da na gaba ba, tunda kusan kowane mako tara ko goma sabo yake fitowa.

Ina zaune a kan tabarma a zaure Umma ta leƙo da kokon kunu da ƙosai. Ta ce, "Wai me kake yi tun ɗazu ko gaisuwa a tsaitsaye?" Na ce kanel nake haɗawa. Ta ce, "Wane kanar kuma? Na Depot?" Muka yi dariya tare. Na ce mata shi ne zuciyar kwamfutar, shi ke tsakanin ƙarfen da manhajojin da muke dannawa: shi yake raba wa kowa ƙwaƙwalwa, shi yake sauraron allon rubutu, shi yake magana da faifai da lasifika. Na ce mata wayar da ke hannunta ma, tunda Android ce, irinsa ne a ciki. Ta juya wayar ta duba bayanta, ta ce, "To Allah ya ba da sa'a, amma ka sha kunun kafin ya huce."

Na kwafo tsarin tsohon kanel daga /boot na mayar da shi .config. A nan ne na yi zaɓin da ya cece ni da rana kuma ya kama ni da dare. Idan na bar tsarin Debian yadda yake, inji zai haɗa dubban direbobi na na'urorin da ban taɓa gani ba, kuma wannan laftof za ta kwana tana yi. Sai na buga make localmodconfig. Abin da yake yi shi ne ya duba waɗanne modul, wato ƙananan sassan kanel, ne ke aiki a jikin kwamfutar a daidai wannan lokaci, ya riƙe su, ya zubar da sauran. Kamar tela ne da ya auna ka a tsaye ya ɗinka maka daidai jikinka, maimakon rigar kanti da aka yi don ta shiga kowa. Ya yi ta jefo mini tambayoyi a kan sabbin abubuwan da babu su a 6.1, na karanta goman farko da kyau, sauran na riƙa danna Enter yana ɗaukar amsar da aka tanada.

Sai make menuconfig. Wannan shuɗin allo ya burge ni fiye da yadda na zata. Komai a jere, ɗaki cikin ɗaki. Na danna alamar / na rubuta 8821CU, ya nuna mini hanya: Device Drivers, Network device support, Wireless LAN, har zuwa wurin Realtek. Na sa masa M, wato a haɗa shi a matsayin modul da za a ɗauko sai an buƙace shi. Na kashe bayanan bin diddigin kuskure, domin su ne ke cinye faifai da lokaci, kuma ni ba gyaran kanel zan yi ba. Daga ƙarshe na shiga General setup, inda ake ƙara wa kanel laƙabi, na rubuta -zazzau. Ba ya ƙara komai a aiki. Ina so ne kawai in ga sunan garinmu a wurin.

Ƙarfe tara da rabi na buga make -j4, umarnin da ke fara haɗa kanel ɗin. Ko minti biyu ba a yi ba ya tsaya, wai bai ga gelf.h ba. Na manta libelf-dev ne. Na riga na sa build-essential da flex da bison da bc da libssl-dev da libncurses-dev, wannan guda ɗaya ya zame mini. Na sa shi, na sake bugawa, layuka suka fara gudu: CC kaza, CC kaza, AR, LD.

Zafin bazarar bana ba wasa. Kafin sha ɗaya fankar laftof tana kuka kamar injin markaɗe, iskar da ke fita ta gefe kuwa ba ka iya ajiye hannu a wurin. Na duba da sensors na ga ta haura digiri 90. Na ɗauke ta daga kan tabarma na ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu a kan siminti don iska ta ratsa ta ƙasa, na juyo da fankar tsaye ta fuskance ta, ni kuma na haƙura da gumi. Ta sauko kaɗan.

Sha ɗaya da kwata aka ɗauke wuta.

Batirin nan ba ya kai rabin awa ko da karatu kake yi, balle ana wannan nauyi. Na danna Ctrl da C, na kashe ta, na sa a jaka na fita. Akwai mai shagon caji a bakin titinmu da yake da sola. Na yi sallama na ce, "Malam, don Allah a taimaka mini da soket na awa ɗaya, zan biya kamar na waya uku." Ya kalli cajar ya ce, "Wannan ai ta fi waya biyar ci." Muka daidaita a huɗu, ya jawo mini benci. Abin da na fi jin daɗinsa a yau shi ne lokacin da na sake buga make -j4 na ga bai koma farko ba. Yana duba abin da ya riga ya haɗa ya tsallake, ya ɗora daga inda aka katse shi. Duk wanda ya tsara abin haka, kamar ya san halin wutarmu.

Wani yaro da ya zo karɓar wayar babansa ya tsaya a bayana yana kallon rubutun da ke gudu. Ya ce, "Yaya, kutse kake yi?" Na ce a'a, gini nake yi. Na gaya masa wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara wannan abu a 1991 yana ɗan shekara 21, ya sake shi kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara. Lasisinsa ya ce idan ka gyara ka raba wa mutane, to sai ka ba su rubutun gyaran ma. Ya ce, "Kyauta?" Na ce kyauta. Bai yarda ba, na gani a fuskarsa, amma bai tafi ba sai da babansa ya aiko a kira shi. Na so a ce ina da wata tsohuwar kwamfuta da zan miƙa masa. Yara irinsa sun cika unguwar nan, ido a buɗe, abin taɓawa ne babu.

Ana kiran azahar layin da nake jira ya fito: bzImage is ready. Na bar ta a hannun mai shago na je na yi salla. Da na dawo na buga make bindeb-pkg don ya ƙulla mini shi cikin ƙunshin .deb, saboda in ya ƙi a cire shi cikin sauƙi. Na girka da dpkg -i, shi da kansa ya gina initramfs, ɗan ƙunshin da kanel ke tashi da shi, ya sabunta GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa idan an kunna kwamfuta. Ban taɓa tsohon kanel ba, kuma ba zan taɓa shi ba. Na shiga BIOS na tabbatar Secure Boot, mai gadin da ke hana inji tashi da abin da bai sani ba, a kashe yake, domin kanel ɗin da ka haɗa da hannunka babu sa hannun da injin ya sani a jikinsa.

Na yi bisimilla na sake kunnawa. Daƙiƙun nan da allo ya yi baƙi sun yi mini tsawo. Sai ga wurin shiga. Na buɗe tamina na buga uname -r, ta amsa: 6.6.30-zazzau. Na soka dongul. Da ma na riga na sa firmware-realtek, don haka dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya nuna an ɗora masa abin da yake buƙata, 'yar fitilarsa ta fara ƙiftawa, sunayen wayfai na maƙwabtan shagon suka jeru guda shida. Na cire igiyar waya na naɗe ta na jefa a jaka. Mai shago ya ce, "Ya yi ke nan?" Na ce ya yi. Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da lissafinsa.

Bayan isha'i ƙanwata ta shigo da filashinta. "Yaya, don Allah ka kwafa mini aikin nan, gobe da sassafe zan kai a buga a Kongo." Na soka filash, babu abin da ya fito. Na canza rami, haka. Ta fara cewa ko ya lalace ne, duk babin da ta rubuta yana ciki, muryarta har ta soma rawa. Nan take na gane. Lokacin da tela ya auna ni da safe babu filash a jikin kwamfutar, don haka usb-storage ba ya cikin modul masu aiki, ya zubar da shi. Riga ta yi daidai, aljihu ne babu.

Na ce ta kwantar da hankalinta, aikinta na nan lafiya. Na sake kunnawa, na shiga Advanced options a GRUB na zaɓi tsohon 6.1, filash ya bayyana, na kwafa mata, ta tafi. Sannan na koma menuconfig na kunna USB Mass Storage, na ƙara exFAT da na'urar buga takarda da abin sautin kunne na Bluetooth, duk abin da na tuna wani a gidan nan zai iya kawowa ya soka. An dawo da wuta wajen tara da rabi, kuma wannan karon 'yan mintuna kawai haɗawar ta ɗauka tunda sabbin ne kaɗai ake ginawa.

Yanzu sha ɗaya saura. Filash yana aiki, wayfai yana aiki, wayata tana can kan caji ita kaɗai. Na kwafe .config ɗin na ajiye a wuri biyu. Kyamarar laftof ce ban gwada ba tukuna, kuma ina zargin ita ma tela ya manta da ita, sai gobe in Allah ya kai mu.