Abin da ƙuduji ya koya mini game da rarraba tsirrai

Manomi ba ya kiran ƙuduji fure. A wurinsa wuta-wuta ne, mai ƙona dawa da gero tun ba su fitar da kai ba. Amma a karatun ilimin tsirrai shi ne ya fi koya mini yadda ake duban tsiro, domin ɗan asalin Afirka ne, kuma duk rayuwarsa damina ɗaya ce.

Abu na farko, ba a tsinko shi daga sama. Sai an haƙa a hankali, a ɗago shi tare da saiwar dawar da yake kai. A nan ake ganin ɗan kumburin da ya manne da ita, inda yake zuƙar ruwa da abinci. Ganyensa kore ne, yana haɗa wani abincin da kansa, amma ba ya rayuwa sai da mai masauki. Irinsa kamar ƙura yake, tsiro guda na zubar da dubbai, kuma yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 bai tsira ba, sai ya ji sinadarin da saiwar hatsi ke fitarwa. A 1966 aka fara ware irin wannan sinadari, daga saiwar auduga.

Furen kuwa sai an dube shi da kyau. Jaja-jaja ne mai sirkin shuɗi, bututunsa a lanƙwashe, leɓen sama kashi 2, na ƙasa kashi 3. Wannan siffa ce ta sa aka daɗe ana lissafa shi cikin dangin Scrophulariaceae. Da aka koma binciken ƙwayoyin halitta daga shekarun 1990, sai ta bayyana kama da wane ba wane ba ne. Aka mayar da shi dangin Orobanchaceae, cikin 'yan'uwansa masu cin abincinsu a jikin saiwar wasu.

Wasu ɗalibai wannan sauye-sauye haushi yake ba su, don an sa su hadda sau biyu. Ni dai ina ganin nan karatun ya yi daɗi. Ko cikakken sunansa na kimiyya, Striga hermonthica (Delile) Benth., tarihin gyara ne: Bafaranshe Delile ya fara bayyana shi daga Masar a ƙarƙashin jinsin Buchnera, daga baya Bentham na Ingila ya ɗauke shi zuwa Striga, aka bar sunan Delile a cikin baka biyu don a san inda aka faro.