Laraba: na wuni ina bin sawun linki

Ban gama kimtsawa ba da safe sai ga kiran Yaya. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Auta, kwamfutar nan ta fara yi mini taurin kai." Wai tun shekaranjiya duk imel ɗin da ya zo da linki, da ta danna sai wata burauza daban ta buɗe, ba wadda ta saba da ita ba. A can kuma babu abin da ya san ta. Shafin wurin aikinta yana neman kalmar sirri, shafukan da ta adana babu ko ɗaya, har rubutun da ta ƙara wa girma saboda idonta ya koma sirit. Ita duk a zatonta kutse aka yi mata.

Na ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Kin saka wata sabuwar burauza kwanan nan?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce e, akwai wani taron bidiyo da aka ce mata ya fi tafiya daidai a kanta. Na ce da kika buɗe ta ba ta tambaye ki komai ba? Ta ce wani ɗan akwati dai ya fito, ita kuma tana sauri, sai ta danna shuɗin maɓallin don ya kauce mata daga gaba. To, nan gizo ke saƙar. Kusan kowace burauza ranar da aka fara buɗe ta sai ta nemi a mai da ita zaɓaɓɓiya, wato wadda za a riƙa miƙa wa duk wani linki da aka danna daga wajen burauza.

Abin da na yi ta ƙoƙarin fahimtar da ita shi ne, yawancin manhajojin imel da ake girkawa a kwamfuta ba su ne ke yanke wannan hukunci ba. Linki adireshi ne kawai da ya fara da http ko https. Idan an danna shi, manhajar imel sai ta miƙa wa babban tsarin kwamfutar, ko Windows ne ko macOS ko Linux, shi kuma yana da jerin da ya rubuta wace manhaja ce ke karɓar wane irin adireshi. Wanda sunansa ke gaban https shi ke buɗewa. Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren ma: in ka danna adireshin imel a wani shafi, mai farawa da mailto, wannan jerin ne dai ake dubawa a ga wace manhajar wasiƙa za ta taso. Saboda haka duk laluben da Yaya ta kwana biyu tana yi a cikin saitin imel ɗinta, ba a nan maganin yake ba.

Windows 11 ce a kanta, sai muka bi ta waya a hankali. Settings, daga nan Apps, daga nan Default apps, ta nemo sunan tsohuwar burauzarta, ta danna Set default da ke can sama. Na ce ta koma imel ta gwada. Sai na ji ta ce, "Yauwa! Ga kayana sun dawo." Ta yi sa'a yanzu ne abin ya same ta. Lokacin da Windows 11 ta fito a watan Oktoban 2021 babu wannan maɓalli guda, sai mutum ya bi HTTP da HTTPS da .htm da .html ɗaya bayan ɗaya yana canzawa. A 2022 ne aka ƙara maɓallin bayan mutane sun yi ta ƙorafi. Ina tunanin yadda zan yi da Yaya ta waya a wancan tsarin, sai dariya ta kama ni.

A wurin aiki da nake ba da labarin, wani dattijon abokin aikinmu ya ɗago kai ya ce shi ma yana da irin wannan matsala, kuma ya canza zaɓaɓɓiyar burauza har ya gaji amma babu abin da ya sauya. Na je na tsaya a bayan kujerarsa na ce, "Malam, nuna mini yadda kake buɗe imel ɗin." Sai ya buɗe burauza, ya rubuta adireshin shafin wasiƙunsa, ya shiga. Ashe shi ba manhaja yake amfani da ita ba, a cikin burauza yake karanta saƙonninsa. Irin wannan kuwa linki ba ya fita waje bare a tambayi tsarin kwamfuta. Shafi ne a cikin burauza ya kira wani shafi, sai ya buɗe a gefensa. In a Firefox ka buɗe akwatin wasiƙarka, a Firefox linkin zai buɗe, ko da Chrome ka zaɓa a saitin kwamfuta. Na ce masa hanya biyu ce: ko ya riƙa buɗe imel ɗin tun farko a burauzar da yake so, ko ya danna linkin da maɓallin dama na linzami, ya kwafi adireshin, ya je ya liƙa a ɗaya burauzar. Ya ce, "Yaro, ai wannan aiki ne." Na ce aiki ne, Malam, amma babu wani saiti da zai ɗauke maka shi. Ya zaɓi ta farkon.

Da rana aiki ya yi sauƙi, sai na zauna ina jera wa kaina inda kowace na'ura ta ɓoye nata maɓallin, don na san ba wannan ne kira na ƙarshe da zan samu a kan zancen ba. A Mac, tun daga macOS Ventura ta 2022, yana cikin System Settings ƙarƙashin Desktop & Dock, wurin da ba wanda zai fara tunanin dubawa. Kafin nan a General yake. A Android yana cikin Settings, Apps, Default apps, kodayake kowane kamfanin waya yana ɗan jujjuya sunayen. A iPhone kuwa har zuwa 2020 babu zaɓin ma sam, duk linkin da tsarin ya karɓa Safari, burauzar Apple, yake miƙa wa, sai da iOS 14 ta zo aka bar mutum ya zaɓi burauzarsa da manhajar imel ɗinsa. Masu Linux suna da umarnin xdg-settings, kuma manhajar imel ta Thunderbird, a ko'ina take, tana bin abin da tsarin ya ce ne.

Bayan irin matsalar Yaya da ta Malam, wanda ya fi rikita mutane shi ne kashi na uku, inda manhajar imel ɗin kanta take da nata maɓallin, kuma nata yana gaba da na tsarin. A 2023 Microsoft ta fara sa manhajar imel ɗinta ta Windows, Outlook, ta riƙa buɗe linki a burauzarta Edge, da saƙon a manne a gefen shafin, ko da wata burauzar ce zaɓaɓɓiya. Mai son komawa sai ya shiga File, Options, Advanced, ya nemo inda ake zaɓar abin da zai buɗe linki, ya mayar da shi kan Default Browser. A Gmail ta Android akwai wani ɗan akwati a General settings mai suna Open web links in Gmail. In yana kunne, shafin yakan buɗe ne a wata 'yar taga a kan manhajar, ba ya tsallakawa cikakkiyar burauza. A Gmail ta iPhone akwai Default apps a cikin saitinta, har da zaɓin ta riƙa tambaya kowane lokaci. Wato mutum zai iya gyara komai daidai a tsarin na'urarsa, amma linki ya ci gaba da bin wata hanya, ya rasa dalili.

Wannan 'yar tagar ta cikin manhaja ba ni da rigima da ita gaba ɗaya. In labari ne za ka leƙa ka dawo, ta fi sauƙi, danna ɗaya ka koma saƙonka. Amma in fom ne mai tsawo za ka cike, ko shafi ne da kake son barinsa a buɗe har gobe, ba ta da amana, da ka koma baya ya tafi. Wasu irinta suna amfani da shigar da ka riga ka yi a burauzarka, wasu kuma ba su san ka ba, sai ka sake rubuta kalmar sirri. Yawanci akwai ɗigo uku ko wata 'yar alama a kusurwa da ke fitar da shafin zuwa burauza ta gaske, mutane da yawa ba su taɓa lura da ita ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Duk wannan ja-in-ja a kan wa zai buɗe linki, kuɗi ne a ƙarƙashinsa. Burauzar da ta buɗe maka shafi ita ce za ka yi bincikenka na gaba a cikinta, binciken kuma shi ke kawo talla. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, takardun kotu sun nuna kamfanin ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 kaɗai don injin bincikensa ya zama shi ne na farko a Safari. Rigimar ma ta girmi wayoyin da ke hannunmu. Tun 1998 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai Microsoft kotu a kan haɗa burauzarta Internet Explorer da Windows, lokacin da ake fafatawa da burauzar Netscape. A Turai kuma daga 2010 aka riƙa nuna wa masu Windows allon zaɓen burauza, da kamfanin ya daina nuna shi na wani lokaci sai Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 561 a 2013. A watan Maris na 2024 irin wannan allo ya bayyana a iPhone a ƙasashen Tarayyar, saboda sabuwar dokarsu ta kasuwannin intanet. Ni ra'ayina mai sauƙi ne: mutum ya faɗi zaɓinsa sau ɗaya a wuri ɗaya, kowace manhaja ta bi. Wadda take ganin tana da abin da ya fi, ta tambaya a fili, da maɓallin a'a mai girma daidai da na e.

Wani abin kuma da ke shiga tsakani shi ne linkin da ba ya zuwa burauza ko kaɗan. Ka danna linkin bidiyo sai manhajar YouTube ta taso, ka danna na taswira sai manhajar taswira ta karɓe. Wannan ba lalacewa ba ce, manhajar ce ta yi rajistar cewa adireshin shafinta nata ne. A Android ana iya hana ta a bayanan manhajar, ƙarƙashin Open by default. A iPhone in ka danne linkin ka riƙe, zaɓuɓɓuka za su fito.

Wannan dannewa da riƙewa ita ce na fi son mutane su saba da ita, ko da burauzarsu ba ta taɓa ba su matsala ba. A kwamfuta ka ɗora kibiya a kan linkin ba tare da ka danna ba, ainihin adireshin zai fito a ƙasa ko a gefen kibiyar. Rubutun da ke cikin saƙo zai iya cewa banki, adireshin da ke ƙarƙashinsa kuma ya nufi wani wuri dabam. A nan ne zancen wace burauza ya wuce na jin daɗi kawai. Burauzar da ke riƙe da kalmomin sirrinka ba za ta cike maka su a shafin bogi ba, don tana duba adireshi ne, ba kamannin shafi ba. In ka ga ta ƙi cikewa a inda ta saba, alama ce. Amma wanda linkinsa ke faɗawa baƙuwar burauza kullum ya riga ya saba rubuta kalmar sirri da hannu a duk inda aka tambaye shi, ba zai ji wani abu ya canza ba ranar da shafin ya zama na 'yan damfara.

Da daddare na dawo kan tawa matsalar, wadda ta fi ta Yaya da ta Malam naci. Ina da asusu biyu a burauza ɗaya, na aiki da na kaina, kowanne da tagarsa. Ina son linkin imel ɗin aiki ya buɗe a tagar aiki, na gida ya buɗe a ta gida. Tsarin kwamfuta bai san wannan ba, shi burauza ɗaya ya sani ga https, ba ruwansa da daga wane akwati saƙon ya fito. Abin da ke faruwa shi ne linkin yakan faɗa tagar da na taɓa a ƙarshe. Sai in danna takardar aiki, ta buɗe a asusuna na gida, shafin ya ce ba ni da izini.

Akwai ƙananan manhajoji da aka yi don wannan. Kana mai da su zaɓaɓɓiyar burauza, alhali su ba burauza ba ne, sai su tare kowane linki su duba adireshinsa su tura shi inda ka tsara, ko su fito maka da jeri ka zaɓa. A Mac akwai Choosy da Finicky da Velja. Na daɗe ina kallon shafin ɗaya daga cikinsu, ina auna ko ina son wata manhaja ta riƙa ganin duk linkin da na danna. Kuma kwamfutar aiki ba ni ke da ikon girka mata abin da na ga dama ba, sai da izinin masu kula da na'urori.

A ƙarshe na bi hanya mara ado. Na raba su gida biyu: burauza ɗaya ta aiki zalla, ita ce zaɓaɓɓiya, don haka duk linkin manhajar imel ta aiki can zai nufa. Imel ɗina na gida kuma na cire shi daga manhajar, zan riƙa buɗe shi a matsayin shafi a ɗaya burauzar, inda linkinsa ba zai fita ba. Na aika wa kaina saƙon gwaji ta kowane ɓangare, kowanne ya sauka inda ya kamata. Saura manhajar hira, wadda saƙon aiki da na 'yan uwa duk a cikinta suke shigowa, ita kam duk linkinta tagar aiki zai riƙa faɗawa. Gobe zan tambayi masu kula da na'urori ko za su yarda a saka irin manhajar nan mai tambaya.